Layin Jirgin Baba Dung

Baba ya iso New York yana jan ƙafar hagu, da jaka ɗaya, da tikitin komawa a aljihun gaba inda kowa zai gani. Ni na matsa aka kawo shi. Hawan jini ne ya kayar da shi a banɗaki can gidanmu na Bukuru, ya kwana a kan siminti, sai da gari ya waye wata maƙwabciya ta ji nishinsa. Mama ta rasu, ƙanena yana Legas yana fama da kansa, gidan babu kowa daga Baba sai rediyo. Ni nas ce, na san yadda faɗuwa ta biyu take zuwa, na kuma san ba kullum ake dacewa da maƙwabciya mai kunne ba. Saboda haka na ƙudura a raina cewa mutumin nan ba zai koma ya zauna shi kaɗai ba, ko da za mu yi faɗa.

Faɗan kuwa mun yi shi. Bayan watanni ana gashi ana shan magani, ƙafa ta saki, baki ya miƙe. Abin da ya fara yi da bakin kuma shi ne ya ce mini zai tafi.

"Keziya, na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma ƙarshen watan nan zan koma."

"Ka koma wurin wa, Baba?"

"Wurin kaina. A nan me nake yi? Ki fita aiki, ni in zauna a taga ina kallon motocin Grand Concourse kamar ɗan sandan hanya."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Baba Dung direban jirgin ƙasa ne, ya yi shekara talatin da 'yan kai tsakanin Jos da Kafanchan da Zariya. Mutumin da gari guda ke fitowa tasha a jira shi, yanzu shi ne ke jiran in dawo in buɗe ƙofa.

A cikin jakar nan tasa akwai wani abu naɗe a ɗankwalin Mama. Ɗan kan jirgi ne na wasa, baƙi mai jajayen ƙafafu, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Ya sayo shi tun kafin a haife ni, lokacin da aka tura su kwas Jamus ta Gabas. Da lantarki yake tafiya, amma layinsa da akwatin wutarsa sun ɓata tun sa'ad da muka tashi daga kwatas ɗin reluwe. Wata rana na dawo aiki na same shi yana goge shi da bakin riga.

Ya ce, "Kin gan shi? Lafiyarsa ƙalau, layi ne babu. Ni da shi duk ɗaya."

Na gaji, ƙafafuna na zugi, ba ni da ƙarfin jin karin magana. Na ce, "To in na samo masa layi fa?"

Ya yi irin dariyar da yakan yi wa fasinjan da ya makara. "Na nema a Kaduna, na nema a Legas. In kika shimfiɗa masa layi a falon nan ya tashi a gabana, na zauna."

"Alkawari?"

"Direba ba ya magana biyu."

Na ce a raina tsohon nan bai san inda yake ba. Garin da ake sayar wa kare takalmi da rigar sanyi, layin jirgin wasa ne zai gagara?

Ranar hutuna na saka jirgin a jaka na nufi wani shago a Manhattan da ba a sayar da komai sai irin waɗannan kaya. A nan na gane ashe jiragen wasa ma ƙabila-ƙabila ne, kowace da awonta. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau da igiya, ya ɗora namu a kan layin da suke kira HO, wanda kowa ke saye, ƙafafun suka zurma tsakanin ƙarafa. Ya ɗora a kan ƙaramin da suke kira N, jirgin ya yi masa yawa. Ya ɗauko abin awo ya gwada, ya cire tabarau ya dube ni da tausayi, irin kallon da ni nake yi wa dangin majiyyaci.

Ya ce wannan TT ne. Yana tsakanin biyun, ba babba ba, ba ƙarami ba, kuma a ƙasar nan kusan ba mai wasa da shi. Mutanen gabashin Turai ne suka riƙe shi. Tun da ya buɗe shago bai fi mutum biyu suka taɓa tambayarsa ba.

Mai nema yana tare da samu, in ji masu magana, amma ba su faɗi yaushe ba. Na yi oda daga Turai, aka rubuto mini kayan za su iso bayan wata biyu, Baba kuwa saura mako uku. Wani a intanet ya rantse nasa TT ne, da kwalin ya zo muka buɗe, N ne. Na je wata kasuwar masu jirage a zauren wani coci a Queens, tsofaffin maza Turawa maƙil, ni kaɗai ce mace baƙa, da kayan aikina ma a jikina. Kowane tebur na nuna jirgin sai a yaba, a juya shi, a kira aboki ya zo ya gani, sannan a miƙo mini abina. Kullum na shigo gida Baba zai ɗago kai daga taga.

"Yaya, injiniya, an shimfiɗa layin?"

Saura kwana kaɗan tafiyar, mai shagon nan ya kira ni, Allah ya saka masa. Ya ce ya tuna da wani Mista Tibor a Staten Island, ɗan asalin Hangari, shi kaɗai ya sani da TT mai yawa. Na buga lambar nan take. Mace ce ta ɗauka, muryarta a bushe. Ta ce sunanta Elisabet, in zo ran Asabar, komai na sayarwa ne, ran Litinin dillali zai zo ya kwashe duka. Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma murna ba ta bar ni na tambayi dalili ba.

Malam Issoufou ne ya kai mu ni da Baba, maƙwabcinmu na hawa na uku, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi. Ya bar aikin Asabar guda don ya taya mu ɗaukar kwalaye. Gidan yana kan tudu bayan Tompkinsville, ɗan ƙarami, ciyawar ƙofa ta yi tsawo. Elisabet tsohuwa ce siririya mai farin gashi, ta buɗe mana riƙe da salatif da alƙalami, ba ta ko ce mu zauna ba ta yi gaba zuwa ɗakin ƙasa. Ta kunna fitila.

Gari guda ne a kan tebura. Tuddai, gadoji, tashoshi, 'yan itatuwa, har da shanu a bakin rafi, layi kuma ya ratsa ko'ina ya shiga rami ya ɓullo ta can. Tarago-tarago jere a kanta har rufi. Na dubi Baba na ga hannunsa yana tafiya aljihu inda jirginsa yake. Na ce a raina abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Baba ya bi wata kwana da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce da ita cikin Turancinsa na ma'aikatan da, "Ina maigidan? Ina so in gaishe shi. Wanda ya shimfiɗa kwanar nan ya san aiki."

"Ya mutu," in ji ta, kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Makon jiya muka binne shi. Ku zaɓi abin da kuke so ku faɗi abin da za ku biya."

Baba ya zare hannu daga aljihu, ba komai a ciki. Ya cire hula.

"Mu hau sama."

"Baba, bari mu fara duba..."

"Keziya."

Na san muryar nan tun ina 'yar firamare. Muka hau. Falon cike da kwalaye, Baba ya kawar da ɗaya ya zauna a kujera ba wanda ya ba shi, Issoufou ya zauna kusa da shi. Baba ya yi mata sannu da haƙuri, ya ce Ubangiji ya ta'azantar da ita. Issoufou ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri, madame. Mes condoléances." Daga nan suka ɗora hannuwa a kan gwiwa, idanu a ƙasa. Matar tana tsaye da salatif ɗinta tana kallona, wai ko zan gaya mata abin da ke faruwa.

Can Baba ya tambaye ta, "Ina jama'a?"

"Wace jama'a?"

Ashe ɗansu ɗaya ne, yana Arizona. Ya zo jana'iza, ya kwana biyu, ya shirya dillali ya koma aiki. Maƙwabta sun turo kati.

Na matsa kusa da kunnen Baba na ce da Hausa, "Ita da bakinta ta ce sayarwa take yi. Monday dealer zai kwashe komai."

"Ba a ciniki a gidan makoki."

"Baba, nan fa Amurka ce."

"Mutuwar Amurka daban ce?"

Na juya wurin Issoufou neman ɗauki, sai na ga ashe an riga ni. Ya ce, "Likita, tsoho na da gaskiya. Ko a garinmu, mutum shi taya kayan mamaci ƙasar kabari ba ta bushe ba? Ça ne se fait pas, ba a yin haka. Mi za a ce da shi?"

Kirista daga Filato da Musulmi daga Maraɗi sun haɗa mini kai. Muka yi kusan awa guda a zaune. A ƙarshe ita ma Elisabet ta gaji da tsayuwa ta zauna a bakin kujera, ta ajiye salatif ɗin. Da za mu tafi ta biyo mu ƙofa tana cewa ba mu ɗauki komai ba, Baba ya ce ba yau ba.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A mota na daure har muka hau gada, sannan abin ya ƙwace mini.

"Da gangan ka yi, Baba. Ka ga layin ya samu, ka ga za ka zauna, shi ne ka nemo al'ada ka ɓuya a bayanta. In ka koma Bukuru ka sake faɗuwa, al'adar ce za ta ɗaga ka?"

Yana kallon ruwa ta taga ya ce, "Kin leƙa kicin ɗinta? Ba a ɗora tukunya a gidan nan ba tun da aka yi rasuwar. Akwai acca a gida?"

Akwai. Ran Lahadi da sassafe na dafa gwaten acca da yakuwa da gauta, ina buga tukwane yadda duk hawa na biyar za su san raina a ɓace yake. Bayan an tashi coci muka tarar da Issoufou a ƙofa yana jira, ya sake barin aikin yini, matarsa Tahiratu kuma ta ba da dambun zogale a kai wa mai takaba.

Elisabet ta buɗe ƙofa ta gan mu da kuloli, ta matsa ta ba mu hanya. Baba ya gaya mata a wurinmu mai makoki ba ya girki, kawo masa ake yi. Muka zauna a kicin. Ta ɗebi gwaten da bakin cokali don kada mu ji kunya, sai ga shi ta cinye faranti ta ƙara. Na sha ganin wannan a asibiti, mutum bai san yana jin yunwa ba sai an zauna kusa da shi.

Da ciki ya ɗauka, baki ya buɗe. Ta ce ita fa ba ta taɓa son jiragen nan ba. Shekara arba'in Tibor yana ɗakin ƙasa, ita tana sama, in abinci ya nuna sai ta buga daɓe da dunduniya ya hau. Sun yi faɗa a kan kuɗin wuta, sun yi faɗa a kan ƙura.

"Amma akwai wani ɗan gurnani," in ji ta. "In yana tuƙa su, nakan ji shi a tafin ƙafata a nan inda nake wanke-wanke. Da shi nake sanin lafiyarsa ƙalau. Yanzu ƙasan ya yi shiru. Ban ma san inda ake kunnawa ba."

Sai ta dubi aljihun Baba.

"Jiya ka sa hannu a nan ka fasa. Me ke ciki?"

Ya fito da ɗankwalin Mama ya warware a kan tebur. Ta daɗe tana kallon jirgin. Ta ce irinsa Tibor ya fara mallaka, a aljihun kwat ya shigo da shi ƙasar nan.

"Je ka ɗora shi," ta ce.

Baba ya girgiza kai. Ya ce a aikinsu direba ba ya shiga layi, komai saurinsa, sai mai tasha ya miƙa masa sandar izini a hannu. Layin nan kuma na wani ne. Na ji kamar in yi ihu. Ita kuwa ta tashi ta je jikin bango, ta ciro mabuɗin ƙofar waje ta ɗakin ƙasa daga kan ƙusa, ta miƙa masa.

"Wannan ya isa?"

Ya karɓa da hannu biyu. "Ya isa."

Suka sauka shi da Issoufou. Na miƙe zan bi su, ta riƙe hannuna ta ce in zauna da ita. Ta cire silifas ta ɗora ƙafafunta a kan daɓe. Muka daɗe. Muna jin Baba daga ƙasa yana neman mai, yana neman auduga, yana yi wa Issoufou faɗa kan riƙon tocila kamar yaron jirginsa. Jirgin da ya shekara talatin bai ga wuta ba, ni na riga na cire rai.

Sai daɓen ya fara wani ɗan motsi. Ba ƙara ba ce sosai, da ban cire takalmina ba ni ma da ban ji ba. Daga ƙasa Issoufou ya ƙwala ihu, "Voilà! Wallahi ya tashi!" Elisabet ta rufe ido, hawaye suka zubo, ba ta share ba. Hannuna yana cikin nata har yanzu, ta matse shi har ya yi mini zafi.

Da na samu na sauka, ga ɗan baƙin jirginmu yana jan taragon Tibor, ya hau gada ya shiga rami ya fito. Baba yana tsaye a gaban akwatin wuta, sandarsa ta dogarawa tana jingine can jikin bango, ya manta da ita.

A bakin ƙofa, da za mu tafi, Elisabet ta ja ni gefe. Ta ce za ta kira dillali ta ce kada ya zo. Ba za ta sayar ba, ko guntun layi ɗaya. Ta ce in yi haƙuri, ta san nesa muka zo.

Na ce ba komai, har da murmushi. Sharaɗin Baba layi ne a falonmu, ga shi mun yi jinya mun yi gaisuwa mun tashi hannu rabbana. Ran Juma'a jirginsa na sama zai tashi. Na shiga bayan mota da kuloli a cinya ina lissafin wa zan roƙa a Bukuru ya riƙa kwana da shi.

Muna gangarowa daga tudun na ga ɗankwalin Mama a hannunsa, a ninke, ba komai a ciki.

"Malam Issoufou, tsaya! Baba, ka manta jirginka."

"Ban manta ba. Tuƙa, Issoufou." Ya juyo ya dube ni. "Kin taɓa ganin direba ya tafi gida da jirgi? A tasha ake barin sa, a dawo a same shi."

Ya buɗe tafin hannu, ga mabuɗin nan.

"Na miƙa mata, ta ce in riƙe. Talata da Asabar. Akwai aiki a wurin nan, layin bayan tudu duk ya yi datti, signal biyu ba sa kamawa. Issoufou, wane jirgin ƙasa ake hawa zuwa ferry, jirgin ruwan da ke tsallako nan?"

"Number four, tsoho. Direct."

Na ce, "Tikitin Juma'a fa?"

"Wane irin ma'aikaci ne zai kama aiki yau ya tafi hutu jibi? Ki kira su ki soke."

Na kifa kai a kan kula na yi kuka, ban damu da wa ke kallona ta madubi ba. Na gode wa Allah. Na gode wa Elisabet, da Issoufou da ya bar tasinsa kwana biyu, da Tibor da ban taɓa gani ba, wanda ya shekara arba'in yana shimfiɗa layin da ya yi daidai da jirgin ubana. Har taurin kan Baba na gode wa, ko da yake wannan ban faɗa a fili ba, don kada a samu abin yi mini gori.

Ya bari sai da na share fuska, sannan ya miƙo mini ɗankwalin Mama ya ce in ajiye. Ya ce kuma ran Talata in ƙara yakuwa a gwaten, na yau bai yi tsami ba, ita mai tashar kuwa da alama tana son tsami.